Yadda nake sauke waƙar fada a takarda kafin in shiga nazarinta

Na daɗe ina koyar da Hausa a nan Gusau, kuma duk shekara sai ɗalibi ya kawo mini nazarin waƙar Musa Ɗanƙwairo ko ta Sa'idu Faru, shafi goma sha, cike da turke (wato jigon waƙa) da salo da adon harshe. Nakan ajiye nazarin gefe in ce ya fara nuna mini matanin da ya rubuta. A nan ake samun ɓarnar. Sai ka ga mutumin Maradun ya koma yana waƙa da Hausar jarida. Wanda ya gina ɗaki a kan wannan tushe, kome kyan yaɓe, damina ɗaya ta ishe shi.

Ka fara da neman waƙar a wuri biyu ko uku. Wadda masu tura waƙa a kasuwa suke zuba maka a waya sau da yawa an gutsure mata kai ko wutsiya, wani lokaci ma sunan da aka liƙa mata ba nata ba ne. Makaɗin baka kuma ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Abin da ya yi a ƙofar fada ranar hawan salla daban ne da wanda ya yi a gidan rediyo: ya ƙara ɗa (wato baitin waƙar baka), ya zubar da wani, ya sako sunan wanda ya yi masa kyauta a ranar. Zaɓi ɗaya ka riƙe, ka rubuta inda ka same ta da tsawon mintunanta, sauran su zama abin gwaji.

Kwana na farko kada ka ɗauki alƙalami. Saurara kawai, sau uku ko huɗu, har kunnenka ya raba muryar jagora da ta 'yan amshi, ya kuma fid da ta sanƙira da ke kwarara kirari a gefe. Ka gane abin kiɗan. Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da kotso suke, Salihu Jankiɗi da taushi. Kiɗan shi ke gaya maka inda layi ya tsaya, domin makaɗi ba shi da aya ko waƙafi sai numfashinsa da bugun fata.

Daga nan ka sami littafi mai layi da fensir. Ni shafin hagu nake ba matani, na dama kuma tambayoyi. Rubuta gindin waƙa, wato amshin da ake maimaitawa, cikakke sau ɗaya a sama, ka riƙa sa alama duk inda aka koma kansa. Kowane ɗa ka ba shi lamba, ka rubuta mintin da ya fara. Ka nuna wanda ke magana: jagora ne, ko 'yan amshi sun yi ƙari, ko sun tarbe shi kafin ya dire. Rage saurin wayar idan kalma ta gudu. Waƙar minti goma takan ci mini dare uku, ban kuma ɗauki wannan jinkiri ba.

Yanzu ga inda nake son ka zauna. Rubuta abin da kunnenka ya ji, ba abin da aka koya maka a aji ba. Idan ya ce yac ce, rubuta yac ce. Idan ya ce sunka tahi, kada hannunka ya mai da shi suka tafi. Hwaɗi ya zauna hwaɗi, shina ya zauna shina, wanga da wagga su zauna yadda suke. Ɗalibai na jin kamar kuskure ne su sa wannan a takardar da malami zai duba, sai su gyara, alhali sun cire abin da za a nazarta. Duba suka da sunka: gaɓar farko ta suka sassauƙa ce, ta sunka nannauya. Gidansa ya ƙare da gajeren wasali, gida nai ya ƙare da nauyi. Makaɗi ya auna waɗannan da bugun kotso. Ka canza su, ka zo kana lissafin awo, lissafin ba zai taɓa fita ba, sai ka ɗora wa makaɗi laifin karaya.

Akwai ma abin da Zamfarci ke fito da shi fili wanda daidaitacciyar Hausa ke ɓoyewa a rubuce. "Ya ce" na ba da labarin abin da ya kammala, da "ya ce" na cikin "shi ne ya ce", rubutunsu ɗaya. A bakin Bazamfare na biyun yac ce ne, ba ka rikicewa. Haka "na" da "ta" a wurin "ne" da "ce": "sarauta ta" na nufin "sarauta ce", ba "sarautata" ba ce. Na sha ganin an haɗe su, an mai da magana a kan sarauta ta koma makaɗi na da'awar gadon mulki. Ɗiya kuwa a nan ba lalle 'ya mace ba, sau da yawa 'ya'ya ake nufi, shi ya sa muke cewa ɗiyan waƙa.

Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, don haka shafin dama zai yi maka rana. Ina ɗalibi na rubuta wani layi mai kalmar gaba, na fassara shi da cewa babu wanda ke gaban sarkin, na cika shafi guda a kan fifiko. Da na je Maradun na kunna wa wani dattijo da ya taɓa bin makaɗa, ya saurara, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ja wasalin. Gaba yac ce, ta ƙiyayya." Na ce, "Baba, a ƙara mani." Ya maimaita sau uku har na ji bambancin. Wato ba a ƙiyayya da sarkin a wanye lafiya. Shafin nan duka na yage. Tun daga ranar, duk kalma mai fuska biyu, irin su gari da wuya da kuka, sai na sa mata alama na rubuta ma'anar da na ji. Wadda kuma ban ji ba sam, ɗigo uku nake sawa in tafi da ita wurin tsofaffi. Kada ka cike gurbi da zato.

Sunaye da sarautu su ma tambaya suke so. Sarkin Katsina a waƙar da aka yi a Gusau sarkin Gusau ne, Sarkin Kiyawa na Ƙauran Namoda, Sarkin Ƙaya na Maradun, Sarkin Burmi na Bakura. Sarkin Kudu da Sa'idu Faru ya yi wa waƙa Muhammadu Macciɗo ne, lokacin yana Talatar Mafara, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. A 1996 ɗin aka fid da Zamfara daga Sakkwato, saboda haka tsohuwar waƙa da tsarin lardin Sakkwato za ka karanta ta.

Sai matani ya tsaya da ƙafarsa sannan ka ɗauko hanyar da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa, ka bi salsalar waƙa, ka fid da turke da tubalan gininsa, ka duba awo da salo. Za ka ga aikin na tafiya da sauri, don rabinsa ka riga ka yi shi a shafin dama.

Zambo shi ne wurin da nake taka-tsantsan. Makaɗin fada ba ya kama suna. Yakan siffanta mutum da wata dabba ko wani aibi na jiki, mutanen gari kuma sun san wanda ake nufi, yawanci ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba. In ka zauna da tsofaffi za su gaya maka sunan, har da gidan. Jikokin mutumin suna nan, wataƙila ɗaya na ajinku. Ni nakan bayyana siffar da yadda aka gina ta, in ce abokin takara ake nufi, sunan kuwa in bar shi a littafina na fensir.