Kurakuran da aka fi yi wajen gina GDB daga tushe da gwada shi

GDB, manhajar bin diddigin kurakuran shirye-shirye da Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, tana nan a shirye cikin kusan kowane Linux. Wanda ya zauna gina ta da hannunsa daga asalin kod, ko dai yana son sabuwar fitowa ne, ko kuma yana son ya taɓa cikinta ya gyara wani abu. Matsalolin da suke tsayar da aikin da jan rubutu ba su ne abin tsoro ba, domin suna faɗa maka ciwonsu. Waɗanda suke wucewa shiru su ne masu cin rana.

Bari mu fara da masu ihun. Mutum ya buɗe foldar tushen kod ɗin, ya ga wata ƙaramar folda mai suna gdb a ciki, sai ya faɗa can ya kunna configure, rubutun da ke shirya ginin. Ba nan ba ne. GDB ya dogara da laburarorin bfd da opcodes da libiberty da ke gefensa, kuma configure na can sama ne ya san yadda zai haɗa su. Buɗe sabuwar folda dabam, ka ce mata build, ka kira configure na saman daga cikinta. Idan abu ya dagule, share build ɗin kawai za ka yi, tushen bai ji komai ba.

Sai kayan da ba a tanada ba. Tun daga GDB 11 ba ya ginuwa sai da laburaren GMP, daga baya aka ƙara MPFR, GDB 15 kuma yana buƙatar mai fassarar C++17. A Ubuntu ko Debian, sauke build-essential, libgmp-dev, libmpfr-dev, texinfo, bison da flex tun kafin ka fara. Rashin texinfo na da ban haushi: aiki ya yi nisa, sai ya tsaya wai babu makeinfo, alhali littafin bayani kawai yake son shiryawa. In kuma daga ma'ajiyar binutils-gdb ka jawo da git, sa --depth 1 don kada tarihin shekaru ya cinye maka data, sannan ka ce make all-gdb, in ba haka ba ya kama gina gas da ld, wasu kayan aikin binutils, da ba ka aike shi ba.

Yanzu ga na ɓoye. configure ba ya tsayawa idan bai ga Python ko expat (laburaren karanta XML) ko ncurses ba. Ya rubuta "no" a layi ɗaya cikin ɗaruruwa, ya wuce abinsa. Ginin ya kammala, ka yi hamdala. Ni kaina na taɓa kashe yini guda ina zargin wani ɗan rubutun Python da nake so GDB ya loda, ina canja layi ina mayarwa, har sai da na buga python print(1) a cikinsa ya ce da ni "Python scripting is not supported in this copy of GDB." Python na nan a kwamfutar, python3-dev ne babu. Maganin shi ne ka tilasta wa configure: rubuta --with-python=python3 da --with-expat, yadda in babu su ginin zai tsaya ya faɗa. Bayan gini kuma, gdb --configuration zai nuna maka abin da ya shiga da abin da aka bari. Wanda ya gina ba expat, ranar da ya jona da gdbserver ko QEMU zai ga gargaɗin ba a iya karanta bayanin XML ba.

make -j, mai gudanar da ayyukan gini da yawa a lokaci ɗaya, kuma a yi shi daidai ƙarfin inji. Kowane cc1plus, wato mai fassarar C++ na gcc, na shan RAM sosai. A laftof mai giga 4, -j8 kan ƙare da "Killed signal terminated program cc1plus". Wannan ba laifin kod ba ne, ƙwaƙwalwa ce ta ƙare, sauko zuwa -j2. Kuma "Error 2" da kake gani a ƙasa wutsiya ce kawai, kan maciji na can sama. Sake kiran make ba -j, kuskuren gaske zai fito kusa.

Wani abin dariya: ka gina sabo, ka buga gdb, ashe tsohon da ke /usr/bin ne ya amsa. Duba which gdb da gdb --version. Kada ka yi gaggawar sudo make install. Ba wa configure --prefix zuwa wata folda cikin home ɗinka. In kana kunna shi daga inda aka gina, ƙara --data-directory ka nuna masa foldar data-directory da ke gefensa, in ba haka ba ya yi ta kukan bai ga fayilolinsa na Python ba.

Wajen gwaji, make check ba ya motsi sai da manhajojin DejaGnu da expect. Kuma kada FAIL ya tsinka maka zuciya. Gwaje-gwajen dubbai ne, wasu na faɗuwa saboda sigar gcc ko kernel ɗinka, wasu ma yau su ci gobe su faɗi, musamman na gdb.threads. Babban kuskure shi ne gwada kod ɗin bayan ka taɓa shi kawai. Gwada kafin ka taɓa, adana gdb.sum, fayil ɗin taƙaitaccen sakamakon, yi gyaranka, sake gwadawa, ka kwatanta biyun da diff. Abin da ya sauya daga PASS zuwa FAIL shi ne naka. Shi kaɗai za ka maimaita daga cikin foldar gdb, misali make check TESTS="gdb.base/break.exp", ka buɗe gdb.log ka ga ainihin abin da aka tura wa GDB da amsar da ya bayar.

In gwaje-gwajen maƙalewa ga shirin da ke gudana suka zube da "ptrace: Operation not permitted", leƙa /proc/sys/kernel/yama/ptrace_scope. Ubuntu na barinsa a 1. Mayar da shi 0 lokacin gwajin, ka dawo da shi in ka gama.