Yadda ake gyara sautin ɗakin rikodin a gida

Sau da yawa mutum zai sayi maik mai tsada ya ɗau murya, sai ya ji ta fito kamar daga cikin rijiya, ya ɗora wa maik laifi alhali ɗakin ne. Amma fa a gane, hana ƙarar waje shigowa daban, gyaran sautin cikin ɗaki daban. Na biyun nake nufi, na farkon sai bango mai nauyi da toshe duk wata kafa, soson da ake mannawa a bango ba ya wannan aikin.

Fara da tafi. Tsaya cikin ɗakin ka tafa sau ɗaya da ƙarfi, in ka ji wani zirrr ya biyo baya to sautin ne ke kai-kawo tsakanin bango biyu masu kallon juna.

Sai wurin zama. Teburinka ya fuskanci guntun bango, sifikoki su harba ta tsawon ɗakin, kuma kar ka zauna tsakiya cif, gwada wajen kashi 38 cikin ɗari na tsawon daga bangon gaba. Tazarar sifikokin biyu ta zo daidai da tazarar kowacce zuwa kanka.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, kusurwoyi, don nan bes, wato sauti mai kauri da rugugi, yake taruwa. Sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa, kenan tsawon zango ɗaya na sautin bes mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa (100Hz) ya kai mita 3.4, to ta yaya soso mai kaurin santimita 3 zai shanye wannan? Siririn sauti kawai yake sha ya bar maka rugugin, ka yi ta miksin, wato haɗa sautuka, kana rage bes, ka je mota ka saurara ka ji babu shi sam. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kuwa don Allah a haƙura da shi, ba abin da yake tsinanawa, ga saurin kama wuta. Audugar dutse irin Rockwool ita ce ke aiki. Ka haɗa firam na katako, ka cika shi da ita kaurin santimita 10 ko fiye, ka lulluɓe da yadi, amma kafin nan hura yadin da baki, in iska ba ta wuce ba nemi wani. Sa safar hannu da takunkumi don audugar tana ƙaiƙayi sosai. Ka gitta waɗannan allunan da ka haɗa a kusurwa daga ƙasa har sama, sararin da ya rage a bayansu ƙarin amfani ne.

Daga nan ka samo madubi da wanda zai taya ka. Zauna a kujerarka, shi kuma ya riƙa jan madubin a jikin bangon gefe, duk inda ka hango sifika a ciki nan za a kafa allo, dama da hagu. Haka silin, ka rataya ɗaya tsakaninka da sifikokin. Kafet da labule mai kauri suna ɗan taimakawa amma ba su taɓa bes.

Kar ka lulluɓe bangon duka, ɗakin zai mutu murus murya ta fito ba armashi. In da hali ka sauke manhajar auna sautin ɗaki ta REW, kyauta ce, ka auna kafin ka fara, ka sake aunawa duk sanda ka ƙara allo.