Kurakuran da aka fi yi idan sababbin 'yan tsaki suka fara laushi

Ka sayo 'yan tsaki da yamma suna ta tsalle a kwali, da safe ka tarar biyu sun saki fukafukai, idanu a lumshe. Mafi yawanmu kemis muke nufa mu sayo ja-da-yalo, mu fasa a ruwan sha. A nawa ganin wannan ne kuskure na farko, domin abin da ke damun ɗan tsako a makon farko galibi sanyi ne, ko ƙishirwa, ko wahalar hanya. Kapsol ba ya maganin ko ɗaya.

Yawancin 'yan tsakin gidan gona da ke zuwa Arewa daga wajen Ibadan ake ɗauko su, su kwana a mota. Ragowar gwaiduwar da ke cikinsu tana riƙe su kamar kwana 3 ba ci, amma ƙishirwa ba ta jira. Da isarsu gida a fara ba su ruwa mai ɗan sukari ko gulukos, a tsoma bakin masu rauni ɗaya bayan ɗaya, sannan a zuba abinci. Mazubin kada ya yi zurfi. In faranti ne a jera tsakuwa a ciki, don ɗan tsakon da ya jiƙe da dare da wuya ya ga safiya.

Sai ɗumi, inda aka fi yin asara, musamman da hunturu. Ɗan tsakon da ba shi da uwa yana son zafi kamar digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa da kusan digiri 3 duk mako har gashi ya rufe shi. Ba sai kana da ma'auni ba. Tsuguna ka dube su da tsakar dare. Idan sun dunƙule ƙarƙashin fitila suna hawa kan juna da kuka mai tsini, sanyi suke ji, kuma na ƙasa ne za ka kwashe a mace. Idan sun gudu jikin bango baki a buɗe, zafi ya yi yawa. Idan sun bazu, wani na ci wani na barci, ka koma ka kwanta. Masu murhun gawayi kuma su bari ya ruru a waje kafin a shigar da shi, a bar kafar iska ta sama. Na taɓa toshe ko'ina da leda don gudun sanyi, da asuba na tarar da su a galabaice, ashe iskar gawayin ce.

Wani abin da ido ke tsallakewa: ɗaga jelarsa. Kashi kan bushe ya toshe duburar, tsako ya kasa bayan gida. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a narkar da shi a hankali, a busar da wurin. Kada a fizge, fata ce za ta biyo.

Haɗa baƙi da kajin gida a rana ɗaya shi ma ganganci ne. Kazar Hausa da ke yawo lafiya lau tana iya ɗauke da cutar da za ta kwashe 'yan tsaki, baƙin ma suna iya kawo tasu. A ware su a ƙalla mako 2 zuwa 3, da mazubinsu daban, a kuma fitar da mai laushi daga cikin 'yan uwansa.

Abinci kuwa, dusa da gero zalla ba sa gina ɗan tsako. A sayi abincin farko da ake haɗawa musamman don 'yan tsaki. Abincin masu ƙwai yana da sinadarin gina ɓawo da yawa, yana lalata musu ƙoda.

Akwai lokacin da cuta ce da gaske. Zawo da jini, yawanci daga mako na 3, alamar ƙwayoyin hanji ne da ke yaɗuwa a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Maganinsa amprolium ne, tare da kwashe shimfiɗar a zuba busasshiya. Murɗewar wuya, koren kashi da numfashi da ƙyar kuma suna nuna annobar da ake yi wa rigakafin Lasota. A nan mutane ke sake kuskure: sai sun ga ciwo su ruga neman Lasota ko rigakafin wata cutar kaji da ake kira Gumboro. Rigakafi na masu lafiya ne, ba ya warkar da wanda ya kamu. Kuma ko na cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato ne, in ya sha rana a aljihu ya tashi aiki. A ɗauko shi cikin ƙanƙara, a dama da ruwan da ba kulorin (sinadarin da ake zubawa a ruwan famfo), su shanye cikin awa 2.

Idan kuwa suna zubewa da yawa cikin yini guda, a daina gwaji a kira likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a jihar Kaduna a 2006, kuma tana dawowa lokaci zuwa lokaci. Kada a yanka a ci, kada a jefa mushen a bola inda karnuka da kajin maƙwabta za su same shi. A haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa sauran.