Yadda Za Ka Gabatar Da Buɗaɗɗiyar Manhajar Rumbun Bayanai Har Mutane Su Karɓe Ta

Wanda ke neman manhajar da zai adana bayanan kasuwancinsa ko na makarantarsa ba ya fara binciken yadda aka gina cikinta. Abin da ya fara cin karo da shi, wato shafin farko da hanyar girka ta a kwamfuta, shi ne yake sa ya tsaya ko ya wuce. Idan kana cikin masu kula da buɗaɗɗiyar manhajar rumbun bayanai, wato wadda kowa zai iya duba yadda aka rubuta ta har ya gyara, daga nan ya kamata ka fara gyara.

Sauƙin girkawa shi ne abu mafi nauyi, kuma tarihin MySQL da PostgreSQL, sanannun manhajojin rumbun bayanai guda biyu, ya isa misali. PostgreSQL ta samo asali daga aikin da Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Berkeley a 1986, masana kuma sun daɗe suna yaba ingancinta, amma sai a fitowarta ta 8.0 a 2005 ta fara aiki kai tsaye a kan Windows. A tsawon waɗannan shekarun MySQL, wadda ta fito a 1995, tana samuwa a kusan kowane kamfanin ajiye shafukan intanet, ga kuma phpMyAdmin da ke ba mutum damar duba teburan bayanansa ta burauza ba tare da rubuta umarni ko ɗaya ba. Da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ta zo a 2003 tana dogara da MySQL, sai ɗimbin masu buɗe shafuka suka zama masu amfani da MySQL ba tare da sun taɓa zama sun zaɓa ba. Don haka ka samo wanda bai taɓa ganin manhajarka ba, ka ba shi kwamfuta, ka zauna gefe kada ka ce masa komai. Duk inda ya tsaya yana tunani, can ne gyaranka yake. Burinka shi ne cikin mintoci kaɗan ya ƙirƙiri tebur, ya zuba bayanai, ya kuma ciro su.

Bayan haka, shafin farko ya faɗi cikin jimla biyu abin da manhajar take yi da kuma wanda aka yi ta dominsa. A ganina SQLite, wadda Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, ta fi kowa iya wannan, domin ta bayyana cewa rumbun gaba ɗaya fayil guda ne, har ma ta keɓe shafi tana faɗin ayyukan da ba ta dace da su ba. Wannan gaskiyar tana sa mai karatu ya amince da sauran abin da ka faɗa.

Suna ma yana da tasiri. Wahalar furta PostgreSQL ta sa aikin ya amince a riƙa kiransa Postgres.

Ka raba jagorar sabon shiga da cikakken littafin bayani, kuma ka gwada kowane misali kafin kowace sabuwar fitowa, domin misalin da ya ƙi aiki yana korar mutum nan take.

Lasisi kuwa ka rubuta shi a fili, tare da bayanin wanda ke riƙe da ragamar aikin. Lokacin da kamfanin Oracle ya ɗauki hanyar sayen kamfanin Sun, mai mallakar MySQL a wancan lokaci, a 2009, damuwa kan makomar manhajar ce ta sa Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro MySQL, ya ɓalle ya kafa MariaDB, wata manhajar da aka gina daga MySQL, kuma kamfanin da zai ɗora bayanan shekara goma a kan manhajarka zai so ya san lasisin da kuma wanda ke riƙe da ragamar aikin tun kafin ya danna maɓallin saukewa.