Shawara kan canza sensar iskar salansa

'Yan uwa, idan fitilar gargaɗin injin ta kama kuma mota ta fara zuƙar fetur, kada ku garzaya Panteka sayen sensa, wato na'urar da ke auna iskar oksijin a hayaƙin injin, sai an sa kwamfuta ta karanta lambar matsalar, domin P0135, alal misali, tana nufin matsalar tana wajen sensar da ke kafin katalis, wato matatar hayaƙin salansa, a ɓangaren silinda ta ɗaya. A jikin bututun salansa ake samun waɗannan sensoshi, ɗaya kusa da injin, ɗaya bayan katalis, amma injin V6, mai silinda shida, yakan ɗauki huɗu. Bayan bututun ya huce, a zare filogin wayar, a fesa man sassauta tsatsa, sannan a kwance da sifana mai lamba 22. Don Allah ku guji ta gwanjo, kuma kada maiƙo ya taɓa kan sabuwar.