Yadda ake zaɓen 'yan wasa a fim ɗin binciken laifi, da yadda ake bi da su gaban kyamara

Mai kallon fim ɗin binciken laifi shi ma ɗan sandan ciki ne. Tun daga kashi na farko yake nasa binciken, kuma babbar hujjar da yake dubawa ita ce fuskokin 'yan wasa: wa aka sani, wa aka saba gani yana mugunta, wa ya kawar da ido lokacin da aka ambaci gawa. Saboda haka marubuci zai iya ɓoye mai kisa har kashi na 13, amma wanda ya zaɓi 'yan wasa ya tona asirin a minti goma na farko ba tare da ya sani ba.

Fara da jerin waɗanda za a zarga, kafin ma ka yi tunanin jarumi. A labarin kisa mai kashi 10 zuwa 13, mutum biyar ko shida sun isa. Rubuta sunayensu a takarda, ka sa sunan ɗan wasan da kake so a gefen kowanne, sannan ka auna nauyin shahararsu. In biyar sababbin fuska ne, na shida kuwa tauraro ne da aka ba shi matsayin direban gida mai fitowa uku kacal, to an gama. Kowa ya san ba a ɗauko babban jarumi a biya shi don ya buɗe ƙofar mota. Mafita biyu ce: ko dai duka shidan su zama sa'o'in juna a idon jama'a, ko kuma a sa sanannu biyu zuwa uku a cikinsu don nauyin ya rabu. Haka nan wanda 'yan kallo suka saba gani a matsayin bos, fuskarsa kaɗai tuhuma ce. Ya dace da wanda za a zarga bisa kuskure, amma ba shi ainihin kisan kamar buga ganga ne a kasuwa.

Akwai hanya ta uku, wadda shirin Columbo na Amurka ya bi tun 1971. A can ana nuna mai kisan tun farko, don haka shaharar baƙon jarumi ba ta ɓata komai, ita ce ma jarin shirin. Patrick McGoohan sau huɗu yana fitowa a matsayin mai kisa. Daɗin kallon yana cikin karon da ake yi tsakanin mai kuɗi mai ji da kansa da mai binciken, wato Peter Falk, cikin tsohuwar rigar ruwansa, yana tambayoyi kamar wanda bai san komai ba. In kana da tauraro ɗaya tak kuma dole ka ba shi laifin, gara ka sake ginin labarin a kan wannan tsari.

Wajen tantancewa, kada ka ba ɗan wasa fitowar kuka ko ta faɗa, don kusan kowa yana iya ɗaga murya. Ba shi shafi biyu na tambaya da amsa a ofishin 'yan sanda, ka sa kyamara kusa, daga ƙirji zuwa kai, ka ɗauka sau uku. A na farko ka ce masa ba shi da laifi. A na biyu ka ce shi ya yi kisan. A na uku ka ce bai yi kisan ba, amma a daren yana wani wuri da zai ji kunya a sani. Wanda ya ƙware, bambancin ɗauka ta ɗaya da ta biyu kaɗan ne ƙwarai, wataƙila jinkirin daƙiƙa ɗaya kafin amsa. Wanda bai ƙware ba, da ka ce shi ne mai laifi sai ya fara zazzare ido, yana haɗiyar yawu, yana share gumi. Wannan shi ne babban ciwon irin waɗannan finafinai: ɗan wasa yana nuna wa mai kallo cewa ƙarya yake yi, alhali maƙaryaci na gaske duk ƙoƙarinsa a yarda da shi ne. Umarnin da za ka ba shi a lokeshan ɗaya ne: ka sa sufeton nan ya yarda da kai.

Shi kuma mai binciken, ka gwada shi yana sauraro. Ka sa wani ya karanta masa dogon bayani na minti ɗaya, kyamara tana kansa, ba ya cewa uffan. In fuskarsa ta mutu yana jiran layinsa, ba zai iya ɗaukar shiri mai zango uku ba, domin fiye da rabin aikin mai bincike sauraro ne, kuma ta fuskarsa mai kallo yake gane wace magana ce ke da nauyi. Dukan tebur da shaƙar wuyan riga suna ƙona fitowa da wuri. In ya yi tsawa a layi na uku, babu inda zai hau a layi na ashirin. Ka kuma haɗa shi da abokin aikinsa a gwaji ɗaya kafin ka sa hannu da kowa, don mutum biyu masu kyau daban-daban suna iya zama kamar ruwa da mai in an haɗa su cikin mota ɗaya.

Da ka zaɓi mai binciken, nemo masa ɗan sanda mai ritaya su yi zama biyu ko uku. Lokacin da Lynda La Plante take rubuta Prime Suspect, wanda ya fito a Ingila a 1991 da Helen Mirren, ta dogara da wata jami'a ta gaske, Jackie Malton, kuma hakan ya bayyana a yadda jarumar take tsayuwa a ɗaki cike da maza. A labarin da ke faruwa a Najeriya, ɗan wasa ya san yadda kofur yake magana da saje, yadda sufeto yake shiga ofishin DPO, da abin da ake rubutawa a kanta kafin a kai mutum bayan kanta. Ya kuma san cewa sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ɗan wasan da ya san agogo yana bin sa zai yi tambaya da wata irin gaggawa da ba ta buƙatar ihu.

Shin a gaya wa 'yan wasa wanda ya yi kisan? A shirin Broadchurch na Ingila na 2013 an ɓoye wa yawancinsu har kusan ƙarshen ɗauka. Amfanin haka a fili yake: wanda bai san shi ne ba, ba zai nuna ba, kuma sirri ba ya fita. Illarsa ita ce, in aka koma kallo karo na biyu, wani lokaci ba a samun komai a ƙasan wasansa. Abin da ya fi dacewa shi ne a gaya wa mai laifin shi kaɗai, in ya ci gwajin nan na ɗauka uku, sannan a ba kowane ɗaya daga cikin sauran wani sirri nasa da zai riƙe: bashi, soyayyar ɓoye, satar da ba ta shafi kisan ba.

Ɗauko mutanen unguwa waɗanda ba 'yan wasa ba yana kawo gaskiyar da kuɗi ba ya saye. Shirin The Wire, wanda tashar HBO ta Amurka ta nuna daga 2002 zuwa 2008, ya cika da mutanen Baltimore, birnin da labarin yake faruwa, ciki har da Felicia Pearson da ba ta taɓa wasa ba, kuma Robert Chew, ɗaya daga cikin 'yan wasan shirin, shi ya horar da yaran zango na huɗu. Wannan horon ne ake mantawa. Sabon hannu yana yin kyau a ɗauka ta farko, ta biyar kuwa ya gaji ya koma hadda. Don haka ka ɗauki fuskarsa kusa tun farko, ka taƙaita masa layi, ka bar shi ya faɗa da bakinsa. Ka kula da karin harshe ma. In an ce mutum haifaffen Sakkwato ne bai taɓa barin gari ba, ya buɗe baki da Kananci, mai kallo zai ɗauka wata alama ce aka ajiye masa, ya bi ta ya ɓata.

Ƙananan matsayi kada a raba su ga duk wanda ya zo lokeshan. Uwar mamaci mai fitowa biyu ita ce take sa a damu da kisan, don haka a ba ƙwararriya. Mai yin gawa kuma a ɗauke shi daƙiƙa 10 zuwa 15, ya fitar da rabin numfashi kafin a fara, a kauce wa nuna wuya da fatar ido kusa, don nan ne motsi yake fara bayyana.

Saura abu ɗaya da ke lalata wasan ƙwararru ma. Ana ɗaukar shiri ne bisa lokeshan, ba bisa jerin labari ba, har ta kai a ɗauki fitowar kashi na 2 da ta kashi na 11 a ɗaki ɗaya, rana ɗaya. Mai kula da kwantiniti, wato mai tabbatar da cewa kowace fitowa ta dace da ta gabanta da ta bayanta, ya buɗe wa kowane ɗan wasa shafi mai layi uku a kan kowace fitowa: me ya sani zuwa yanzu, me yake ɓoyewa, wa yake zargi. A karanta masa kafin a kunna kyamara. In ba a yi haka ba, za ka tarar a wurin tace hoto cewa sufetonka yana yi wa mai laifi kallon tuhuma tun kashi na 2, alhali hujjar ba za ta zo hannunsa ba sai kashi na 9, kuma a lokacin an riga an mayar da gidan da aka yi haya don ɗaukar shirin ga masu shi.