Tokar buntu, sukari da ƙaro a kankare: inda magina ke yin kuskure

Tsadar siminti ta sa magina sun fara waiwayar buntun shinkafa, ga shi kuwa jibge a bayan injinan casa a Kano da Kebbi. Tokarsa na ƙara wa kankare ƙarfi, ta toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya cinye rodi. Sai dai yawanci tun daga wuta ake ɓata aikin.

Kuskuren shi ne a cinna wa tsibin buntu wuta a fili, a kwashe abin da ya rage baƙi ƙirin, a antaya a kwaɓi. Baƙin nan gawayi ne da bai gama ci ba, ruwa kawai yake shanyewa ya bar kankare ba ƙwari. Tokar da ake nema fari-fari ce, wadda aka ƙona a hankali a zafin digiri 500 zuwa 700. In wuta ta yi yawa ainun, silikar da ke ciki, wato sinadarin da ke sa tokar ta yi aiki, sai ta sandare, ta daina kamawa da siminti. Bayan ƙonawa dole a niƙa ta, a tankaɗe, har in ka murza a yatsa ka ji laushin siminti. Tokar murhu ba ta cikin wannan lissafi.

Sai awo. Kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na nauyin siminti ake musanyawa, wato kilo 5 zuwa 10 a buhu mai kilo 50. Da sikeli ake aunawa, domin toka ba ta da nauyi, kwano zai yaudare ka. In kwaɓin ya yi tauri, kada a yi ta ƙara ruwa, nan ƙarfin ke zurarewa. Kuma irin wannan kankaren a hankali yake nuna: a riƙa ba shi ruwa safe da yamma, aƙalla mako biyu.

Zuba sukari a kwaɓi ya fi ba ni tsoro. Kimanin giram 25 a buhu ya isa ya jinkirta kamawa na wasu sa'o'i a lokacin zafi. Wanda ya zuba cikin hannu guda yana iya wayar gari dakin da ya zuba, wato rufin kankare, bai kama ba. Ƙaro ma jinkirta kamawa yake yi, in ya yi yawa ya rage ƙarfi.

Makuba kuwa, wato ruwan ɓawon ɗorawa da iyayenmu ke yin daɓe da yaɓe da ita, an san ta ne a aikin ƙasa, kada a ɗauka haka za ta yi da siminti.

Kafin a kai kowane haɗi ga ginshiƙi ko dakin, a zuba samfuri, injiniya ya gwada ƙarfinsa a kwana 7 da kwana 28.